Ranar Ɗaga Hannu

Enoch Duckworth mutum ne mai tambayar tsiya. Shekara goma sha ɗaya yana tsaye gaban injin saƙa a garinsu da ke yankin Lancashire, can ƙasar Turawa, tun asuba har bayan faɗuwar rana. Ƙurar auduga ta cika masa ƙirji, ƙarar inji ta toshe masa kunne ɗaya, amma bakin nan bai daina tambaya ba. Da zaɓen 1841 ya matso sai abu ɗaya ya tsaya masa a rai.

Al'ada ce ana gobe zaɓe a kafa dandamali a kasuwa, 'yan takara su hau, alƙalin zaɓe ya ce mai son wane ya ɗaga hannu. A ranar, kowa na iya ɗagawa, har mai shara. Sai dai wanda aka kayar yana iya cewa bai yarda ba, a yi ƙuri'a. Ita kuwa ƙuri'a ta masu gida da dukiya ce, mutum ɗari tara a garin da ya haura dubu talatin.

"To in hannunmu ba ya zaɓen kowa, don me ake cewa mu ɗaga?" ya tambayi matarsa Keziah tana kwaso dankali.

"Don su san wa za su kora. Ci abincinka."

"Haba Keziah, ai dole akwai mai ƙirgawa. Ba a sa mutum ɗaga hannu a banza."

"Kai dai da shegen son sani! Kowa zai ja hula ya ɓace cikin taro, ban da kai. Yatsa uku, Enoch. Ko daga ƙarshen kasuwa an shaida ka. In ma dole ne, ɗaga na hagu."

Gaskiya ta faɗa. Inji ya cinye masa yatsu biyu na dama tun shekararsa ta farko. Ga shi mai masaƙa ya manna takarda a ƙofa: duk wanda aka gani ya ɗaga wa ɗan takarar ma'aikata hannu, ya nemi wani aikin. Surukin mai masaƙar ne ɗaya ɗan takarar.

Da ranar ta zo, kasuwa ta cika maƙil, ba ka jin komai sai ƙwas-ƙwas ɗin takalman katako. Enoch ya cusa hannun dama cikin aljihu, ya tura hula har kan gira. Can gefen dandamali ya hango Hargreaves, mai duba aikinsu, an tsayar da shi yana bin fuskoki da ido.

Aka kira surukin mai masaƙa, hannuwa suka tashi jefi-jefi, yawancinsu da safar hannu. Sannan ɗan takarar ma'aikata, wani siririn mai gyaran takalma, ya matso gaba.

"'Yan'uwa, da hannu biyu muke yi musu aiki. Ku ɗaga duka biyun!"

Wannan kam Keziah ba ta yi lissafinsa ba. Enoch ya waiga ya ga hannuwa har bakin coci, baƙaƙe da man inji. Daɗi ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba. Kafin ya ankara nasa biyun suna sama.

Alƙali ya ce mai gyaran takalma ya yi rinjaye. Suruki ya ce a yi ƙuri'a. Washegari masu dukiya suka zaɓi nasu, shi ke nan.

Ran Litinin Hargreaves ya tare shi a ƙofar masaƙa.

"Ba ka da inji, Duckworth. An ba wani."

Enoch ya san za a yi haka. Ya juya, ya yi taku biyu, ya dawo.

"Na ji, ranka ya daɗe. Amma kai kana sama, kana ganin kowa. Don Allah mu nawa ne?"

"Wa ya gaya maka ana ƙirgawa? Alƙali kallo kawai yake yi."

"Ba wanda ya ƙirga? Ko mutum ɗaya?"

Hargreaves ya waiga wajen ofishin mai masaƙa, ya rage murya.

"Ni na fara, ba wanda ya sa ni. Na kai mutum dubu huɗu, sai na hango ka, lissafin ya kwance mini. Ni ma fa ba ni da ƙuri'ar nan. Tafi, kar a gan mu."

Ya ja ƙofa ya rufe. Enoch ya kama hanyar gida a hankali, yana tunanin wanne zai fara gaya wa Keziah, korar ko dubu huɗun.