Ranar da Tahani Ta Jefa Ƙwallo a Kwando

Tun rasuwar matarsa, Sabri, tsohon direban bas a garin Mansura, ba ya taka ko'ina sai da 'yarsa Tahani riƙe da hannun rigarsa. Ta haura talatin, amma fahimtarta ta yarinya ce. Shi ke taje mata kai, shi ke fifita mata shayi.

Ƙwallon kwando take so, tun da ta gani a talabijin. Ya kai ta wani kulob, suka ce ba su da mai kula da irinta. A wani kuma, mai gadi ya ƙare mata kallo ya ce, "Alhaji, asibiti na can gaba." Sabri ya juya da ita gida. Ya gaji da bayani.

Wata maƙwabciya ce ta ba shi labarin Koci Rasha, mai horar da masu irin wannan lalura a wani fili bayan gari. Ya yi ta ɗage zuwan, har Tahani ta fara kwana da takalmi a ƙafa.

Suka isa bayan la'asar, gwiwoyinsa na zogi. Ya fara jero wa Rasha: Tahani ba ta son ihu, in ta faɗi sai an...

"Baba, ƙwallo ta zo yi ko kai ka zo?" in ji Rasha. "Ga benci can. Tahani, zo nan, 'yar gari!"

Tahani ta sake shi ta ruga, ko waiwaye babu.

Ya zauna, ya rasa inda zai sa hannuwansa. Ya ga ta jefa ƙwallo ta bugi katanga, wata mai suna Ibtisam ta ƙyalƙyale da dariya, ita ma ta taya ta. Ya jingina kai da bango. Barci ɓarawo ne.

Girgiza shi aka yi. Tahani ce, jiƙe da gumi.

"Baba! Ta shiga! Ka gani?"

Ya buɗe baki zai ce ya gani, ya kasa.

"Minshari kake yi," ta ce. "Kowa ya tafa, ban da kai."

"Yi haƙuri, uwata. Tsufa ne."

A bas ta juya masa ƙeya har suka tsallake gada. Sannan ta ce, tana kallon taga, "Ranar Alhamis ka sha gahawa kafin mu fito."

"To," ya ce, yana murza gwiwa. "Allah ya kai mu."