Yaron Gidanmu

Fatna maƙwabciyata ce ta danna min lambar a waya, ni ban iya karatu ba. Ta ce ofishin masu taimakon 'yan ƙwaya ne. Na ce ni ba taimako nake nema ba, ƙara zan kai.

Wata uku da suka wuce na kai Ɗanmalam wani gidan jinya a bayan unguwar Faisal, saboda tiramadol ɗin da ya koya a tuƙin tuk-tuk, keken haya mai ƙafa uku, nan unguwarmu Ard al-Liwa. Gardi ɗan shekara talatin da ɗaya. Suka dawo min da shi da sawun igiya a wuyan hannu, haƙoran gaba biyu babu. Da na je da faɗa, mai gadi ya ce a takardarsu an rubuta ba shi da kowa a Masar.

Wata mace ta ɗauka, wai ita Mahasin. Na ce ni Hajja Sabuwa ce, na zuba mata da Larabcina na Gadarif ta Sudan, ta bar ni sai da na gaji. Sannan ta tambaye ni ko yana cin abinci. Na ce ina ruwanta? Waɗancan ma da lallashi suka fara. Ta tambayi yaushe rabona da barcin kirki. Nan na toshe wayar da tafin hannu na ce wa Fatna wannan 'yar sanda ce, so take ta ji maganar takardar zamanmu a ƙasar. Fatna ta harare ni.

Matar ba ta nemi adireshi ba, ba ta nemi fasfo ba. Hakan ma bai kwanta min ba. Ta ce mene ne shi a wurina? Na ce yaron gidanmu ne. Sunansa fa? Na ce Ɗanmalam. Ta ce na takarda. Na sake cewa Ɗanmalam.

Ba ta matsa ba. Sai ta ce ranar da ya dawo, wa ya wanke masa raunin? Ni. Idan jiki ya kama shi da rawa, wa ke riƙe shi? Na ce wa kuwa, in ba ni ba.

"Hajja Sabuwa, ke kika haife shi?"

"Ɗan fari ne," na ce mata. "Mu ba ma faɗin sunan ɗan fari. Ba ma tsayawa gaban mutane mu ce namu ne."

Ta tambaya ko a wancan gidan ma yaron gidanmu na ce. Na ce haka na ce. To me zan ce? Uwata har ta koma ga Allah ba ta kira yayana da sunansa ba. Ashe su sun ɗauka ɗan aiki na kawo musu, wanda ba mai biyo sawunsa.

Na jira ta ce laifina ne, na shirya mata amsa. Sai ta ce ko maraya ne ba a ɗaure shi da igiya, kuma ƙarata tana da wurin zuwa. Amma takardar sai dangi na jini ya sa hannu. Likita ma, kafin ya duba shi, zai tambayi wa ke tare da shi. Ta ce sunan, shi ya faɗa da bakinsa, amma ko ni wace ce a wurinsa, wannan ba mai faɗa sai ni.

Ban yarda da ita duka ba. Ranar Lahadi na kai shi wurin likitan a unguwar Abbasiya, tare da Fatna, na ce ta tsaya bakin ƙofa, in ta ga kaki ta buga min waya. Na hana a rufe ɗaki, na hana a taɓa masa hannu.

Magatakarda ya tambayi suna, Ɗanmalam ya ce Hamad, iska na fita ta gurbin haƙoran. Na kau da kai. Mutumin ya nuna ni da biro, wai ni fa?

"Uwarsa," na ce. "Rubuta da kyau, kuma ka karanta min in ji."

Ya karanta. Na sa ya sake, sannan na dangwala yatsa.