Tazarar Yatsa Biyu

Surukina ya yi shekara arba'in yana kanikanci kafin ciwo ya taɓa masa hannun dama. Tun daga lokacin hannun ke rawa, ko kofin shayi ya ɗauka sai ya tallafe shi da na hagu. Ya rufe garejinsa na bakin titi, ya dawo da akwatin kayan aikinsa gida, ya ajiye a rumfar bayan gida kusa da wata ƙaramar motar tsere mai kujera biyu, koriya, wadda ya saya ba inji a cikinta. Shekara uku ya yi yana haɗa mata inji a kan benci, yau noti ɗaya, gobe biyu. Matata, wadda ita ce autarsa, "ƙanwata" take kiran motar, wai an ƙwace mata autanci da tsufanta.

Ni tela ne. Baba, wato surukin nawa, shi ma da haka yake kirana tun ranar da na fara zuwa gaishe shi, ba ya ƙarawa, ba ya ragewa. Bai taɓa yi mini magana marar daɗi ba, amma na san a ransa mutumin da bai taɓa sa hannu a baƙin mai ba da sauransa. Don haka da ya ce ranar Asabar za a sa inji, yana son ƙarin hannu, na rufe shago na zo da tsohuwar riga.

Mu uku ne: ni, Baba, da maƙwabcinsa Mai Walda, wanda ya kawo sarƙar ɗaga inji ya rataya a ƙarfen rumfar. Mai Walda ya dube ni sama da ƙasa.

"Baba, wannan da allura ya zo ko da almakashi?"

"Ƙyale shi," in ji Baba. "Ya fi ka haƙuri. Kai da guduma kake gaisawa da komai."

Baba ya yi mini bayani a hankali, kamar yadda yake yi wa duk wanda bai san mota ba. A wannan motar, a ƙasa ake haɗa inji da giya, sannan a ɗaga su tare a zura. Tsakaninsu akwai faifan kuloci, mai rami a tsakiya, ramin da haƙora. Sandar da ta fito daga giya ita ma da haƙoranta, dole ta bi ta ramin nan. Faifan kuma yana da gaba da baya. In aka juya shi baibai, mota za ta tashi amma giya ba za ta shiga ba.

Shi da kansa ya sa faifan. Da wani guntun katako da ya fiƙe da wuƙa ya daidaita shi a tsakiya. Aikin minti biyar ne a da, in ji Mai Walda, amma ya ɗauke shi fiye da rabin awa, hannun na rawa, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ba wanda ya ce a taimaka masa. Da ya gama ya zare katakon, ya mayar, ya sake zarewa, ya yi murmushi.

Muka ɗora giya a kan jak, muka turo ta. Ta shiga, ta shiga, sai ta tsaya. Saura tazarar yatsa biyu tsakaninta da inji.

"Haka take yi," in ji Baba. "Haƙora ne ba su gamu ba. A juya, a girgiza, a lallaɓa. Tela, ka ji wannan da kyau: ba a jan giya da noti. Da kanta take shiga. In ba ta shiga ba, ba ta shirya ba."

Muka yi ta lallaɓa. Can sai matata, wadda muka zo tare, ta leƙo ta taga.

"Baba, lokacin magani ya yi. Kuma sai ka kwanta awa ɗaya, haka likita ya ce."

"Muna tsakiyar aiki, Auta."

"Ƙanwata ba za ta gudu ba, ba ta da inji."

Ya shiga yana gunaguni. Mai Walda kuma aka kira shi a waya, wani ya kawo ƙofa shagonsa, ya ce yanzu zai dawo. Aka bar ni ni kaɗai da tazarar yatsa biyu.

Na girgiza. Na juya. Na ɗaga jak kaɗan, na sauke kaɗan. Na yi kusan minti ashirin. Sai na lura notocin da za su ɗaure giya da inji dogaye ne, bakinsu yana kaiwa ramukansu a jikin inji. A ɗinki, in hannun riga ya ƙi zama a kafaɗa, ba tsayawa ake yi ana roƙonsa ba; kama shi ake yi da zare a wuri biyu, a ja kaɗan, yadi ya ba da kai. Shekara ashirin hannuna ya saba da haka. Na ce a raina ba ja zan yi ba, kamawa kawai zan yi don kada ta zame. Na sa noti ɗaya a sama, ɗaya a gefe. Na ɗauki sufana. Zagaye ɗaya, tazarar ta ragu. Zagaye biyu, ta ƙara raguwa. A na biyar ko na shida sufanar ta yi nauyi, na danna, sai na ji ƙas daga ciki, ƙara kaɗan, kamar an taka busasshen kara. Daga nan komai ya tafi sumul, ƙarfe ya haɗu da ƙarfe.

Na tsaya da sufana a hannu. Na san abin da na ji. Na mayar da ita akwati, na goge hannuna.

Baba ya fito yana gyara hula. Ya sunkuya, ya shafa wurin haɗin da yatsa.

"Ta shiga?"

"Ta shiga, Baba."

"Da kanta?"

"Da kanta."

Ya miƙe, ya dafa kafaɗata da hannun nan mai rawa. Da Mai Walda ya dawo, Baba ya ce masa, "Zo ka ga aikin ɗana. Kai da ka rantse sai gobe." Shekara tara ina auren 'yarsa, ban taɓa jin wannan kalmar a bakinsa ba sai ranar.

Da yamma muka ɗaga inji da giya da sarƙa, muka karkatar da su, wutsiya ƙasa, muka zura a hankali. Baba na gefe yana cewa a sauke, a tsaya, a tura hagu. Suka zauna a mazauninsu kamar don su aka yi wurin. Asabar biyu da suka biyo baya muka yi ta haɗa wayoyi da bututai da salansa mai fitar da hayaƙi. Kullum in zan tafi sai in ce gobe zan faɗa, kullum kuma sai in ce wa kaina wataƙila ba abin da ya faru, ƙarfe ai yana ƙara.

Ranar da aka tayar da motar, bugu biyu ta kama. Rumfar ta ɗauki ruri, matata ta toshe kunne tana dariya, Mai Walda yana buga bonet da tafin hannu. Baba na zaune a kujerar direba, idonsa ya kawo ruwa. Ya taka kuloci, ya tura giya. Sai ƙarar gurzar ƙarfe, garrr. Ya saki, ya sake takawa har ƙasa, ya sake turawa. Garrr. Ya kashe motar.

Suka duba duk abin da ake dubawa daga waje. Suka fitar da iska daga bututun kuloci sau uku. Suka ƙara tsawon sandar feda. Ba abin da ya canza. Ina tsaye ina riƙe musu fitila.

Mai Walda ya ce, "Ko dai an matsa mata wajen shiga?"

"A'a," in ji Baba. "Da kanta ta shiga. Na tambayi yaron nan."

Ya kalli hannunsa a kan sitiyari.

"Saura abu ɗaya ke nan. Baibai na sa faifan."

"Haba Baba, kai?"

"Ni. Na koya wa mutum fiye da talatin gaban faifai da bayansa. Yanzu ina zaune ina son in tuna yadda na riƙe shi, na kasa. Na ɗauka hannu ne kawai ya tafi." Ya taɓa goshinsa da yatsa. "Ashe har da nan."

A nan ya kamata in yi magana. Na buɗe baki, na ga Mai Walda, na ga matata a bakin ƙofa, na rufe.

Kwana goma sha ɗaya na yi ina ɗauke da abin. A cikin kwanakin nan Baba ya daina zuwa rumfa. Ya rufe motar da tamfol. Matata ta dawo daga wurinsa wata rana ta zauna a bakin gado ba ta cire mayafi ba. Ta ce ya ba ta makullan gidan duka, wai kada ya yar. Ta ce ya tambaye ta sau uku ko ya kashe gas, alhali bai shiga kicin ba. Ya manta inda ya ajiye tabarau, abin da kowa ke yi, amma shi sai ya zauna ya yi tagumi, ya ce ga shi nan, an fara.

"Na karɓo masa ranar ganin likitan ƙwaƙwalwa," in ji ta. "Shi ya ce in karɓo. Baban da sai an yi faɗa yake shan magani."

Na ce Allah ya ba shi lafiya. Har yau in na tuna na faɗi haka, sai in ji kunyar kaina.

A shago na kasa aiki. Na ɗinka wa wani wando na haɗa ƙafa ɗaya a karkace, na zauna ina farkewa. Ina farkewar ina tunanin cewa ni kullum kuskurena zare ne, reza ɗaya ta ishe shi, yadi ya koma yadda yake. Ban taɓa ɓata abin da ba ya farkuwa ba sai wannan karon.

Ranar Asabar matata ta ce in je in taya Mai Walda ɗaukar kaya, Baba ya ba shi akwatin aikinsa kyauta, motar kuma za a nemi mai saye. Na tarar da su a rumfa. Akwatin a buɗe, Baba na zaune a kan kujerar roba yana faɗa wa Mai Walda tarihin kowace sufana, Mai Walda kuwa ko wasa ɗaya bai yi ba. Guntun katakon nan yana saman kayan.

Na gaishe su, na durƙusa a gaban Baba.

"Baba, ina da magana."

"Tashi mana, akwai baƙin mai a ƙasa."

"Giyar nan ba da kanta ta shiga ba. Da noti na ja ta. Na ji ƙara a ciki. Ka tambaye ni, na yi maka ƙarya."

Mai Walda ya ajiye abin da ke hannunsa. Baba bai motsa ba. Na jira faɗa, na ma fi son faɗan. Da ya buɗe baki, muryarsa a kwance take.

"Noti nawa?"

"Biyu."

"Wanne ka fara ɗaurewa?"

"Na sama."

"Ƙarar, sau ɗaya ko sau biyu?"

"Sau ɗaya. Daga nan ta tafi da sauƙi."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Cibiyar faifan ka lanƙwasa." Ya juya ga Mai Walda. "Sarƙarka tana nan?"

"Tana shago, Baba."

"Ɗauko."

Kafin la'asar inji da giya suna ƙasa. Aikin Asabar uku muka warware a yini ɗaya, ba mai magana sai Baba, shi ma sai in zai ce a sassauta ko a ja. Da aka raba su, ya ce kowa ya matsa. Ya kwance murfin kuloci da kansa, noti shida, hannun na rawa, bai bari an taɓa ba. Ya zaro faifan, ya kai shi bakin rumfa inda haske yake. Tsakiyarsa ta lotsa ciki kamar murfin gwangwani da aka taka. Amma ba nan yake kallo ba. Gefen da ke da rubutun da ke nuna gaba yake dubawa, da shatin da jikin inji ya bar masa.

"Daidai na sa shi," ya ce. Ya sake juya shi. "Daidai na sa shi."

Ya daɗe a tsaye da faifan a hannu. Sannan ya ɗaga murya ya kira matata, wadda ta biyo ni gidan, ya ce ta kawo masa makullansa.

Ita ce ta yi faɗan da shi bai yi ba, a mota, muna komawa gida. Ta ce kwana goma sha ɗaya tana kallon ubanta yana binne kansa da ransa, ni kuma ina zaune ina ce mata Allah ya ba shi lafiya. Ba abin da ta faɗa da ba haka ba ne. Ganin likitan ma ba ta soke ba, ta ce tunda an karɓa sai ya je, kuma ni zan kai shi in zauna a layi.

Sabon faifai ya iso bayan mako biyu. Baba ya aiko a ce Tela ya zo. Ya daidaita faifan da katakonsa, muka ɗora giya a jak, muka turo. Ta shiga, ta shiga, ta tsaya a inda ta tsaya a da.

Matata ta leƙo ta taga ta ce lokacin magani ya yi.

Baba ya miƙe. Ya bi benci ya tattara dogayen notocin nan ɗaya bayan ɗaya, ya zuba a aljihun rigarsa, aljihun ya yi nauyi ya ja wuyan rigar gefe. Mai Walda ya juya baya, kafaɗunsa na rawa don dariya.

"Tela," in ji Baba daga bakin ƙofa, "awa ɗaya zan yi. Ka juya, ka girgiza. In ba ta shiga ba, in na fito ka ce mini ba ta shiga ba."

Na ce to, Baba. Na durƙusa, na kama wutsiyar giyar da hannu biyu, na fara lallaɓa ta.