Kujera Ɗaya a Gidan Shari'ar Gaya

Shekarar da ake aikin gadar da za ta haɗa Gaya da Malanbil aka gina mana sabon gidan shari'a, kuma tun ranar da aka buɗe shi Malam Cha'ibu bai sake cin abinci ya ji daɗinsa ba.

Kafin nan a rumfa ake zama, bayan biron kumandan, wato ofishin Nasaran da ke mulkin gari. Kumandan na bisa kujerarsa, Hamidu magatakarda na gefe yana rubutu yana fassara, asesar biyu kuma suna kan tabarma ɗaya. Asesar shi ne dattijon da ake tambaya abin da al'adar masu ƙara ta ce, tun da Nasara bai san gadon gona ba, bai san iyakar fadama ba. Malam Cha'ibu ne na Hausawa, Siddo na Dandawa. A rumfa babu wanda ya damu da wannan rabo. Kowace ƙara ta zo sai Malam Cha'ibu ya sa baki, tasa ce ko ba tasa ba, Siddo kuwa yana zaune yana sosa gwiwa. Har Cha'ibu ya saba ganin abokin zamansa kamar wani gefe na tabarmar.

Sabon ginin ya zo da bangon siminti da rufin kwano, ya kuma zo da tsari daga Doso, inda babban gidan shari'a yake. An yi dakali biyu a baranda, na hagu na Hausawa, na dama na Dandawa. Duk wanda ya kawo ƙara sai Hamidu ya tambaye shi a wace al'ada yake so a yi masa shari'a, ya nuna masa inda zai zauna, in an kira shi ciki a sake tambayarsa gaban alƙali. A ciki kuwa kujerar asesar ɗaya ce tak. Wanda aka ambaci al'adarsa shi ne zai hau, ɗayan ya fita waje ya jira.

Da farko Malam Cha'ibu ya yaba wa tsarin. Ya ce yanzu ne za a san wa ke aiki a gidan nan. An kuwa sani.

Ba a yi nisa ba dakalin dama ya cika ya batse. Masu ƙara daga Tanda, daga Yelu, daga tsibiran kogi, har suna zuba cikin inuwar itacen bedin da ke bakin ƙofa, mai fura ma ta mayar da ƙwaryarta can. Dakalin hagu sai mutum biyu ko uku, wata rana babu kowa sai akuyar gardi, dogarin gidan, da ta gano simintin yana da sanyi. A rumfa ana cakuɗe, ba a gane wa ya zo don wa. Yanzu duk mai wucewa kasuwa yana gani da idonsa.

Abin da ya fi ƙona masa rai, rabin waɗanda ke dama ya san su, ya san iyayensu. A Gaya kuwa wa zai rasa kaka Badandiya in ya neme ta? Wata safiya ya kasa daurewa, ya tsaya gaban wani saurayi.

"Kai, ba ɗan Idi mai kilishi ba ne? Mi kake yi nan?"

"Baba, kakata ta wajen uwa Badandiya ta."

"Yaushe ta zama? Ni na ga ranar da anka kawo ta daga Kamba bisa jaki!"

Saurayin ya sunkuyar da kai, amma bai tashi ba.

A nan matsalar take, sai dai shi Malam Cha'ibu bai taɓa ganinta ba. Mutumin ya san Gaya ciki da bai. Ya san wanda ya fara sare kowace gona, da wanda ya ara bai mayar ba, da wanda aka haifa wata bakwai bayan ɗaurin aure. Shari'arsa daidai take, ban taɓa jin wanda ya ce ya zalunce shi ba. Amma ba ya yanke hukunci sai ya faro daga tushe, da ƙarfi, gaban jama'a. Ka zo neman iyakar gona, ka koma gida da gonarka, duk gari kuma ya ji kakanka ya taɓa satar kaza. Wanda ya yi nasara ma da kunya yake fita.

Ya je wurin Hamidu ya kai kuka. Hamidu ya ce, "Malam, abin da mutum ya hwaɗi da bakinshi shi nike rubutawa. Ba a ce in duba tsagar huska ba."

Sai ya koma leƙen Siddo. Yakan tsaya jikin taga kamar mai gyara rawani, yana sauraro, don ya gano abin da mutumin nan yake ba jama'a. Bai ga komai ba, wannan ne ya ƙara masa ciwo. Siddo zai zauna ido a lumshe, mai ƙara ya yi ta zuba, shi kuwa sai ya ce, "To, sai mi?" Ɗayan ma ya zuba, ya ce, "To, sai mi?" In sun gaji da kansu ya ce gobe a je a ga wurin. Su tafi tare a ƙasa, su dawo an shirya, babu wanda ya san abin da aka faɗa a hanya.

"Wannan shari'a ce?" in ji Malam Cha'ibu a gida. "Mutumin da bai san sunan kakanshi na ukku ba! Wallahi Ajuma, wani abu ya binne ƙarƙashin dakalin nan."

Ajuma matarsa tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. "Siminti na hwa, Malam. Da mi ya haƙa?"

"Tun ana gini ya sa. Na gan shi yana zagayawa."

"Kai ma ka zagaya, har ka yi hwaɗa da magina."

Kishi ya ci mutumin nan har ya rame. In Siddo ya gaishe shi da safe, ya ce izgili ne. In bai gan shi ba balle ya gaishe shi, ya ce girman kai ya fara. Ran da wata tsohuwa ta kawo wa Siddo busasshen kifi, Siddo ya raba biyu ya aika masa rabi, sai ya ba gardi, ya wuni yana cewa an mayar da shi abin sadaka.

Ana haka Hamidu ya ja shi gefe. Babban alƙali zai zo daga Doso ya zauna shari'a da kansa, ya ga yawan ƙararrakin kowane ɓangare. An ce inda aiki ya yi kaɗan za a sallami asesar, a bar ɗaya ya riƙe duka. Hamidu bai ce kowa ba, amma ya kalli dakalin hagu, akuya na kai.

Malam Cha'ibu ya tsorata, tsoro na gaske. Shekarunsa a wannan aiki sun fi na wasu masu ƙarar a duniya. Ba shi da kanti, ba shi da kwalekwale, gonarsa ƴaƴa ke nomawa. In an ce Cha'ibu a Gaya, asesar ake nufi. Kuma a ce Siddo ne zai riƙa faɗin al'adar Hausawa, Siddo da Hausarsa ma a karkace take!

Sai ga rigimar Yacuba ta faɗo kamar an aiko ta. Yacuba amininsa ne tun suna samari, katanga ɗaya ta raba gidajensu. Bakabe ne, zanen Kabawa ya cika masa kumatu, da Dandanci kuwa ko farashin kifi ba ya iya tambaya. Ya yi shekara ba ya magana da Hawa, matar wansa marigayi, a kan wata garka, lambu mai mangwaro a bakin kogi. Ita ta ce ta marayunta ce, shi ya ce ta gidan ce gaba ɗaya. Ita ma Bahaushiya ce, ƴar Dogonduci. Dangi sun yi sulhu sun gaji, aka kai ƙara, Hamidu ya sa ta ranar zuwan babban alƙali.

Malam Cha'ibu ya ji kamar an sauke masa dutse daga ƙirji. Bayan la'asar ya leƙa gidan Yacuba, ya same shi yana gyaran igiyar rijiya, ya zauna ba a ce ya zauna ba.

"Kada ka damu, garkar nan na san ta kamar tahin hannuna. Zan hwaro tun daga zuwan babanku daga Argungu, yana ɗauke da kayan wani. Da yadda mai kayan ya ƴanta baiwarshi ya aura mishi, ya haɗa da garkar don ta samu abin ci."

Yacuba ya tsaya da igiyar. "Innata ke nan."

"Ita hwa. Ai nan hujjar take, garkar ta uwa ce, ba ta wanka shi kaɗai ba. Sannan in zo kan babban ɗan Hawa, a ƙirga watanni, a ga ko ma yana cikin magada."

"Cha'ibu, yaron nan ya yi aure, yana da ɗiya."

"To ni na ce ya zo da wuri? Nasaran nan zai ji abin da ake kira sani. Ba 'to sai mi' ba."

Yacuba ya koma kan igiyarsa. Malam Cha'ibu ya ɗauka ya gamsu ne, ya tashi yana murmushi. A gida ya maimaita wa Ajuma jawabin tun daga farko, ta ce masa ya ji tsoron Allah ya bar matattu su kwanta. Ya ce mata ba ta san shari'a ba.

Ranar ta zo. An share baranda, an ɗaure akuya, gardi ya sa jar hularsa. Malam Cha'ibu ya fito da babbar rigarsa ta Salla mai aska takwas, ya shafa turare har ana jinsa daga bakin hanya. Bai tsaya a waje ba, ya wuce ciki tun kafin motar Doso ta iso, ya hau kujerar ya baza riga. Siddo ya leƙo ya ce, "Fofo, Malam, an tashi lahiya?" Ya amsa masa da ka.

Babban alƙali dogo ne, mai jan wuya, yana ta share gumi saboda kwanon ya fara ɗaukar rana. Ɗakin ya cika, wasu na leƙe ta tagogi. Hamidu ya kira ƙarar farko. Yacuba ya shigo, Hawa na bayansa ta ja mayafi. Malam Cha'ibu ya gyara murya.

Alƙali ya yi magana, Hamidu ya juya da Hausa. "Yacuba, a wace al'ada kake so a yi maka shari'a?"

Yacuba bai kalli kujerar ba. Ya kafa ido a bango.

"Ta Dandawa."

Wani ya yi dariya a taga, gardi ya daka masa tsawa. Malam Cha'ibu ya ɗauka kunnensa ne. Ya dubi zanen da ke kumatun amininsa, zanen da ko makaho zai shafa ya ce Kabi.

Hamidu ya ce, "Hawa, ke hwa?"

"Ta Dandawa," in ji ta, da sauri, kamar wadda ta kwana tana haddacewa.

Mutanen da suka yi shekara ba su gaisa ba, ashe sun zauna sun yi shawara, sun kuma daidaita a kan abu ɗaya, shi ne kada Malam Cha'ibu ya buɗe baki a kansu.

Ya miƙe rabi. "Ranka ya daɗe, wanga mutum Bakabe na! Ubanshi daga Argungu ya zo, yana ɗauke da..."

"Cha'ibu!"

Yacuba ne. Bai ɗaga murya sosai ba, amma idonsa ya kaɗa ya yi ja. "Don Allah, don zaman da munka yi. Ka san komi, na yarda. Shi ya sa."

Alƙali ya tambayi Hamidu abin da ake ciki, Hamidu ya gaya masa a taƙaice. Nasaran ya ɗaga kafaɗa, ya yi nuni da hannu wajen ƙofa, ya rubuta wani abu. Hamidu ya matso, ya rage murya. "Malam, kujerar."

Tattara babbar riga a gaban jama'a ba abu ne mai sauri ba. Sai da ya naɗe hannun dama, ya naɗe na hagu, ya lalubo takalminsa ɗaya da ya shige ƙarƙashin tebur, ɗakin tsit ana kallonsa. Siddo na tsaye a bakin ƙofa, ya matsa ya ba shi hanya, har ya ɗan rusuna. Da ya yi masa dariya da ya fi masa sauƙi.

Ya fita, amma ƙafarsa ta ƙi kai shi gida. Ya zagaya bayan ginin ya tsaya jikin taga, rana na dukansa, turarensa ya gauraye da gumi. Abu ɗaya ya rage masa na jin daɗi: ya ga yadda za su yi, tun da daga Yacuba har Hawa babu mai jin Dandanci. Bari su ga abin da suka zaɓa.

Ya ji kujerar ta yi ƙara, Siddo ya zauna. Sai muryar nan mai sanyi ta fito, da karkatacciyar Hausarsa.

"Hawa, sannu da marayu. Yacuba, sannu da rashin ɗan'uwa. To, wa za ya hwara?"

Da Hausa ya yi musu shari'ar, daga farko har ƙarshe.