Faifan da Baba Mai Rediyo Ya Goge

"Wa ya buɗe wannan?" na ce.

"Ni," in ji Baba Mai Rediyo. "Har na goge maka shi da sifirit. Duba yadda yake ƙyalli."

Ya ajiye had-diskin, wato ma'ajiyar kwamfuta, a kan teburina, naɗe cikin hankici, sukurorinsa kuma a murfin kwalba. Ƙyalli kam yana yi. Ga sawun auduga zagaye da faifan da ke cikinsa, ga shatin babban yatsansa a gefe. Na ce inna lillahi a raina.

Shagonsa ne a jikin nawa, katako kawai ya raba mu. Tun kafin a haife ni yake gyaran rediyo da rakoda, kuma a wurinsa duk abin da ya ƙi magana ciwonsa biyu ne: ko datti ko taurin kai. Datti a goge, taurin kai a ɗan mare shi a gefe. To da ma'ajiyar kwamfutar 'yarsa ta fara ƙas-ƙas, duka magungunan biyu ya ba ta.

"Baba, wannan fa ba kan kaset ba ne. Ƙwayar ƙura ɗaya ma illa take masa."

"Ku yaran yanzu komai tsoro. Injiniya guda, kana jin tsoron faranti?"

Abin da ke ciki muryar matarsa ce. Shekarun da ya yi yana aiki a nesa, ita ba ta iya rubutu ba, sai ta ɗauki magana a kaset ta aika masa. Bayan rasuwarta, 'yarsu Auta ta juye su duka a kwamfuta. Kaset ɗin na asali kuma, ruwan da ya taɓa shiga shagon ya gama da su. Babu wani kwafi a ko'ina.

"Ba gaggawa," ya ce, ya yi tari ya goge baki. "Likita ne dai ya ce kada in yi dogon shiri. Ina so in ji ta tukuna."

Daga wannan makon bai sake buɗe shago ba.

Na nemo wani had-diski irinsa sak, na ciro allurar karatunsa na dasa a na Baba. Na kashe fanka, na rufe ƙofa, ina zufa kamar mai toya burodi. Saman faifan ya mutu murus. Ƙasansa ne, inda hannun Baba bai kai ba, ke ɗan amsawa, shi ma yana rarrafe. Ya karanta kaɗan, ya tsaya, ya yi ƙas. Raina ya ɓaci sosai, don da bai taɓa shi ba, aikin yini guda ne.

Auta kan leƙo in ta taso daga aiki.

"Yaya, yana ta tambaya."

"Ki ce masa ana kai."

"Jiya ma haka na ce masa. Ya ce wai ka gwada marinsa."

Fayilolin da suka fito, yawancinsu gawa ne, suna kawai ba rai. Da safiyar ranar da Baba ya rasu guda ɗaya ya buɗe. Na tura a wayata na ruga gidansa, ko makulli ban sa wa shago ba.

Gadonsa na jikin taga, ledar ƙarin ruwa rataye a ƙusa, tsofaffin rediyoyin da masu su ba su dawo karɓa ba jibge a kan kabad. Ya ƙanƙance. Auta ta ce tun jiya bai yi magana ba.

"Baba, ga Injiniya," ta ce. "Ya kawo Inna."

Na kai wayar kusa da kunnensa na kunna. Da farko shuuu ne kawai, sai muryar ta ɓullo ta ciki, muryar mace matashiya, tana sauri.

"…kuma na ce ka daina wanka da ruwan sanyi, ba ka ji. Auta ta yi haƙori biyu, kowa cizo take. Kai, wannan abin yana ɗauka kuwa? To in kana jina, ka…"

Shuuu ya sake rufe ta.

Auta ta toshe baki da mayafi. Baba bai buɗe ido ba. Hannunsa na dama ne ya motsa a kan bargo, babban yatsa da manuni suka haɗu, suka fara murzawa a hankali, hagu kaɗan, dama kaɗan, yana neman tashar.