Filogi na Uku

"Ba haka ba, Hedimasta. Hagu za ka juya. Hagu! Kai da ka yi shekara talatin kana koya wa yara hagu da dama."

Hedimasta ya ɗago kai daga ƙarƙashin bonet, gumi ya rufe masa tabarau. Ya gyara riƙon sifanar, ya danna da ƙarfi, filogin ya saki.

Mai ba da umarnin yana zaune a kujerar roba a bakin gareji, ƙafafunsa da suka kumbura suna kan tsohuwar taya. Shi ne makanikin da duk layin ke kira Baba Sifana. Katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da na Hedimasta, kuma shekara ashirin ba abin da ke haɗa su sai gaisuwar da ba ta wuce baki. Dalilin kuwa ita ce wannan motar, ja, 'yar ƙarama mai kujera biyu, ta zamanin da. Kowace Asabar da sassafe sai Baba Sifana ya tashe ta, ƙararta ta cika unguwa. Wasiƙun ƙorafi nawa Hedimasta ya tura ta ƙarƙashin ƙofa, shi kansa bai san adadinsu ba.

Jiya da yamma ne matar makanikin, Maman Auta, ta ƙwanƙwasa masa ƙofa. Ta ce likita ya ce a kawo mijinta ranar Litinin a kwantar da shi, zuciyar ta gaji. Shi kuma ya kafe, ba zai shiga motar kowa ba sai tasa. Motar ga ta tana tari, hannunsa ga shi yana rawa, idonsa ya dushe. Yaran da ya koya wa aiki duk sun watse.

"Ya ce a kira ka," in ji ta, tana kallon ƙasa. "Wai wanda ya iya rubuta ƙorafi shafi uku ba zai kasa kwance filogi huɗu ba."

Shi ya sa yau ya wayi gari da baƙin mai har gwiwar hannu.

Da farko sun tashi injin. Ya kama, amma yana ɗingishi, duk jikin motar na karkarwa, salansa na fitar da baƙin hayaƙi. Baba Sifana ya karkata kai ya saurara, ya ce filogi uku ne ke aiki, ɗaya ya kwanta. Ya sa aka kashe, aka jira ya huce, sannan ya ce a kwance filogin ɗaya bayan ɗaya a jera su a kan kwali, kada a gauraya.

Na farko da na biyu sun yi duhu, amma ana ganin bakinsu. Da Hedimasta ya zaro na uku sai ya ga kamar an tsoma shi a gawayi.

"Wannan kam ya ƙone," ya ce.

"Bai ƙone ba. Miƙo."

Tsohon ya karɓa da hannu biyu. Bai ko yi ƙoƙarin dubawa ba. Ya riƙe shi a cinya ya sunkuyar da kai, har Hedimasta ya zaci numfashin ne ya sake matsa masa.

"Ka saurara, malamin makaranta. In baƙin nan busasshe ne, fetur ne ya yi yawa, aikin awa ɗaya ne. In kuma jiƙaƙƙe ne, yana maiƙo, to baƙin mai ne ke haurowa daga ƙasa. Sai an sauke inji. Mako guda, in an yi sauri."

Yau Asabar, jibi kuwa Litinin. Maman Auta, da ta kawo ruwa ta tsaya a bakin ƙofa, ta ƙanƙame tiren.

Baba Sifana ya goga babban yatsansa a bakin filogin, ya murza shi da manuniya, ya kai hanci. Ya sake murzawa. Baƙin gari ya zubo masa a riga.

"Busasshe," ya ce, murya ƙasa ƙasa. Sai ya yi dariya, dariyar ta koma tari. "Busasshe ne ƙayau! Laifina ne. Wata shida ina tashinta a tsaye, ba ta ga titi ba. Duba kafireta, ka ga wata 'yar waya da ke shiga ta gefe? Cok ke nan, mai ƙara wa inji fetur in ya yi sanyi. Na rantse ya maƙale."

Ya maƙale kuwa. Hedimasta ya ɗiga masa mai, ya yi ta motsa shi har ya koma wurinsa da kansa. Ya zauna a kan bokiti ya goge filogin da burushin waya, tsohon na gaya masa inda zai bi a hankali. Da ya gama ya miƙa, Baba Sifana ya shafa bakin ƙarfen da ya fito fes.

"Da likitan nan zai kwance ni haka ya goge ya mayar, ai da an gama."

"Ka daina irin wannan maganar," in ji Maman Auta. Ta ajiye tiren a kan benci ta koma ciki da sauri.

Aka mayar da komai. Hedimasta ya murɗa makulli, injin ya yi tari biyu ya daidaita. Tsohon ya sa shi ya juya wani ɗan sukuru a jikin kafireta kaɗan kaɗan, yana ɗaga hannu, har ya ce, "Tsaya nan." Karkarwar ta ɗauke. Hedimasta ya ji ƙarar da ta hana shi barci shekara da shekaru, ya ga bakinsa ya ƙi rufuwa don murmushi.

Ranar Litinin da hantsi Auta, 'yarsu, ta iso da tasi. Da ita da Hedimasta suka tallafi Baba Sifana suka zaunar da shi a kujerar motar. Maman Auta ta tsaya riƙe da jakar kayansa tana kallon kujerun biyu.

"Ni ina zan zauna?"

"Ki biyo mu a baya, ki ga yadda ake tafiya," in ji mijinta. Ya kama hannunta ta taga ya daɗe bai saki ba.

Hedimasta bai taɓa wuce gudun arba'in ba a rayuwarsa. Da suka zo mararrabar da ke kaiwa asibiti, tsohon ya ce ya miƙe, su bi ta babban titi.

"Ai zagaye ne."

"Na sani. Filogi ba ya wankewa sai da gudu. Taka mata."

Ya taka. Motar ta ɗauka kamar dama jira take. Iska ta cika masu kunne, shagunan bakin hanya suka fara wucewa da sauri, tasin ya zama ɗan ɗigo a madubi. Baba Sifana ya jingina kai ya rufe ido, yatsunsa na bugun ƙofa a hankali.

"Wasiƙun nan naka," ya ce, bai buɗe idon ba, "na karanta su duka. Ko kuskure ɗaya babu."

Hedimasta ya gyara riƙon sitiyari. "Ka yafe ni, maƙwabci."

"Kai za ka yafe ni. Barcinka na Asabar na shekara ashirin, ni na cinye shi. Sa giya ta huɗu, kana wahalar da ita."

A asibiti tsohon ya roƙi a ajiye motar inda zai hango ta daga tagar ɗaki. Aka ajiye ta a gindin wata bishiya. Kullum Hedimasta yana zuwa, ya share ganyen da ya zubo a kanta, sannan ya hau sama ya zauna. Ranar Talata sun yi hira. Ranar Laraba tsohon bai iya magana sosai ba, sai dai ya nuna taga da haɓa, a ɗaga shi ya duba. Ranar Alhamis bayan azahar, Hedimasta na hawa matakala ya ga Auta zaune a ƙasa a bakin ɗakin, ta kifa kai a gwiwa.

"Baba ya tafi," ta ce. "Yanzun nan. Mama na riƙe da shi."

Ya dafa bango. Ya so ya ce wani abu, shi da bakinsa bai taɓa rasa magana ba, amma abin da ya fito kawai shi ne, "Allah ya jiƙansa."

Sai da aka kwana uku da binne shi aka tuna da motar. Maman Auta ta ce za ta bi Hedimasta asibitin, akwai sauran kaya da za ta karɓo. Da suka fito ta tsaya a gefen motar, ledar kayan a hannu. Hedimasta ya ce zai tsayar mata da tasi.

"A'a. Buɗe mini."

Ta shiga da ƙyar, don kujerar ta yi ƙasa. Injin ya tashi bugu ɗaya. Ya ja a hankali, ta gajeriyar hanya.

"Shekara arba'in," ta ce, suna tsaye a danja, "sau uku na taɓa shigarta. Tsoro nake ji. Shi kuma ya yi ta lallashi." Ta goge ido da gefen mayafi. "Ya yi magana a hanya ranar nan?"

"Ya ce ina wahalar da giya."

Ta yi 'yar dariya, hawayen suka ƙaru.

Ya shigar da motar gareji ya kai hannu ga makulli.

"Bar shi tukuna," in ji ta.

Ya bari. Suka zauna, injin na aiki a hankali, ba wanda ya dubi wani. Can ta gyaɗa kai, ya kashe. Garejin ya yi tsit, sai ƙarfen inji da ke 'yar ƙara yana hucewa. Hedimasta ya fito ya zagaya ya buɗe mata ƙofa, amma ba ta motsa ba. Ta kwance bakin ledar, ta fito da silifas ɗin mijinta, ta jera su a ƙasan motar kusa da ƙafafunta.