Taswirar Zoɓo

Bahijja mai zane ce, amma ba ta amfani da fenti. Farin yadi take rinawa da zoɓo ya yi jawur, sannan ta ɗiga ruwa a kai. In ruwan lafiyayye ne, jan ya zauna, in kuwa akwai soda irin ta yin sabulu a ciki sai wurin ya koma kore. Mutanen Tudun Wada dai ɓarnar abin sha suka ɗauki aikin nata.

Tun da aka buɗe gidan yin sabulu a bayan layinsu yara ke fama da ciwon ciki da ƙaiƙayi, har da 'yarta Hanifa, wadda ta rame kamar tsinke. Bahijja ta gwada rijiyar gidansu, yadi ya yi kore shar. Hankalinta ya tashi, ta garzaya wurin mai unguwa, Malam Labaran. Ya ce rijiya ɗaya ba hujja ba ce, amma in ta nuna masa na layin duka, zai kai maganar gaba.

Ta zana taswirar layin a rinannen yadi guda, kowane gida da gurbinsa. Ta bi gida-gida tana roƙon mata ruwan rijiyarsu, kowace ta ce mata ta je, za a aiko a kwalba.

Ranar Juma'a bayan la'asar dattawa suka taru a ƙofar gidan mai unguwa. Bahijja ta riƙa ɗiga ruwan kwalaben a taswirar, gida bayan gida, amma jan nan ko gezau. Gidansu kaɗai ya yi kore.

"To, alhamdu lillahi," in ji Malam Labaran. "Ki sa a yashe rijiyarku, 'yata." Aka watse, wasu na dariya ƙasa-ƙasa.

Ta faɗa gidan maƙwabciyarta, Inna Fatsuma, sallama ma a ciki-ciki. "Inna, don Allah, daga rijiya kika ɗebo ruwan nan?"

"Haba 'yar nan. Ruwan da za a kai gaban maza a kira sunan gidana, in aika mai santsi? Na leda na saya na juye. Haka duk muka yi shawara, kada mu ji kunya."

Bahijja ta zube ƙasa, kuka ya ƙwace mata. Ta san Malam Labaran ba zai sake tara mata kowa ba, ga Hanifa a kwance.

Tausayi ya kama Inna Fatsuma. Ta zura guga a rijiya, ta cika kofi da ruwan nan mai santsi da ta ji kunyar aikawa, ta miƙo mata. "Ungo, sha ki samu sa'ida."